Nauyi da Ruwa: Yadda Mahaƙan Farko Suka Nemi Zinare a Kalifoniya

 

 Na gode da wannan gayyata, na kuma gode wa waɗanda suka baro shago da ofis don sauraron labarin mutanen da ƙasa ta daɗe da rufe idonsu.

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda mahaƙan farko suka gano zinare, da yadda suka raba shi da ƙasa, a zamanin rububin zinare na ƙarni na 19. An yi irin wannan rububi a wurare da dama: Kalifoniya a 1848, Ostireliya a 1851, Afirka ta Kudu a 1886, yankin Kulondaik na Kanada a 1896. Lokaci ba zai bar mu mu zaga su duka ba. Zan yada zango a Kalifoniya, domin dabarun da aka gwada a can su aka kwasa aka kai Ostireliya da Kanada.

Maganata guda ce. Waɗancan mutane ba su da na'urar gano ƙarfe, akasarinsu kuma ba su taɓa karanta ko shafi ɗaya na ilimin duwatsu ba. Abu biyu suka riƙe: nauyin zinare da gudun ruwa. Da su aka fara, da su aka ƙare. Sai dai duk lokacin da zinaren ya ƙara nisa cikin ƙasa, sai sana'ar ta ƙara suɓucewa daga hannun talaka ta koma hannun mai jari. Zan bi maganar daki-daki.

Na ɗaya: mafarin abin.

Ranar 24 ga Janairu 1848, wani kafinta mai suna James Marshall yana duba magudanar ruwan wata masana'antar yanka katako da yake gina wa John Sutter a Koloma, bakin reshen kudu na Kogin Amerikan. An saki ruwa cikin dare don ya zurfafa magudanar. Da gari ya waye, sai ya hangi wani abu yana ƙyalli a ƙasan ruwan. Ku lura, ba zinare ya fita nema ba. Katako ne sana'arsa.

To, yaya ya tabbatar ba dutsen banza ba ne? Ya ɗora shi a kan dutse ya doka. Bai farfashe ba, sai ya baje. An jefa shi cikin tukunyar ruwan toka da ake dafa sabulu, ya fito bai sauya launi ba. Da aka kai wa Sutter, sai ya ɗiga masa asid, ya kuma auna shi da kuɗin azurfa a cikin ruwa. Gwajin farkon nan shi ne na kowa da kowa daga baya, domin akwai wani dutse mai ruwan ɗorawa da ya yaudari dubban sababbin zuwa. Shi idan an doke shi rugujewa yake yi, zinare kuwa laushi gare shi.

Kwana tara bayan haka, ranar 2 ga Fabrairu, aka sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa Kalifoniya daga Meziko zuwa Amurka. Masu sa hannun ba su san abin da aka tsinta ba. Sutter ya so a rufe maganar, amma ina! A watan Mayu wani ɗan kasuwa, Sam Brannan, ya bi titunan San Faransisko yana ɗaga kwalba cike da garin zinare yana shela, bayan ya riga ya tara shebur da diga da faranti a shagonsa. A watan Disamba shugaban Amurka James Polk ya tabbatar da labarin a gaban majalisa. Daga nan duniya ta ɗauka. Zuwa 1855 kimanin mutum 300,000 sun kwararo, wasu ta ƙasa da keken shanu, wasu ta Panama, wasu sun zagayo ƙarshen Kudancin Amurka a jirgin ruwa, tafiyar wata biyar zuwa takwas. Ɗaruruwan jirage suka yi ta ruɓewa a gaɓar San Faransisko, don matuƙansu sun watsar da su sun nufi tsauni.

Na biyu: ta yaya suka san inda za su haƙa?

Nan ne zuciyar laccar, ku ba ni aron hankalinku.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Farin dutsen da yashi ke samuwa daga gare shi, mai girman lita ɗaya, bai kai kilo 3 ba. Dalma, da muke jinjina nauyinta, kilo 11 ce da ɗoriya. Zinare mai wannan girma ya haura kilo 19. Wato ƙwayar zinare ta ninka ƙwayar yashi mai girmanta kusan sau bakwai a nauyi.

Asalin zinaren yana cikin jijiyoyin farin dutse a tsaunukan Siyera Nebada. Shekaru aru-aru ruwa da ƙanƙara suna cin dutsen, suna gangaro da ɓarɓashinsa cikin rafuka. Dutsen yana narkewa ya zama yashi ya wuce, zinaren kuwa ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, ba ya kuma son tafiya. Duk inda ruwa ya rage gudu, shi ne na farkon zama. Saboda haka mahaƙin da idonsa ya buɗe ba ya haƙa ko'ina. Yana duba cikin kwanar rafi, inda ruwa ke lafawa ya tara tsakuwa. Yana duba bayan babban dutse, da gindin saiwar bishiya, da wurin da ƙaramin rafi ya haɗu da babba. Idan ya ga baƙin yashi ya taru, sai ya ƙara natsuwa, domin baƙin yashin ma mai nauyi ne, tare suke kwana da zinare.

Sannan sai abu mafi muhimmanci: zinare nitsewa yake yi. Duk ambaliya tana girgiza tsakuwa, shi kuma yana ƙara sulalewa ƙasa, har ya tarar da shimfiɗaɗɗen dutsen da ba zai iya ratsawa ba. A nan yake maƙalewa cikin tsaguwa. Shi ya sa a 1848 wasu ba su da kayan aikin da ya wuce wuƙa da cokali. Su durƙusa a kan dutse, su sa tsinin wuƙa cikin tsaga, su ƙwaƙulo. Kogunan ba a taɓa taɓa su ba, tarin dubban shekaru ne yana jiran hannu.

Amma wa ya koya wa kafinta da lauya da matuƙin jirgi wannan karatu? Labaran da aka fi yayatawa sukan tsallake wannan tambaya. Akwai mahaƙa daga Sonora ta Meziko, da na Cile da Peru, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Akwai 'yan jihar Jojiya, inda aka yi nata rububin tun 1829, irin su Isaac Humphrey. Daga baya mutanen Konwal ta Ingila suka zo da ilimin rami mai zurfi. Akwai kuma 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka san kowane rafi. Gwamnan soja na lokacin, Kanar Richard Mason, ya zaga wuraren a 1848, ya rubuta cewa mahaƙan sun haura 4,000, kuma fiye da rabinsu 'yan asalin ƙasar ne. A ganina, abin da ake kira sa'a a wannan tarihi, rabinsa ilimin wasu ne da ba a yi musu godiya ba.

Na uku: faranti.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan aiki. Yadda ake rege gero a ƙwarya, a juya, a karkata, tsaba ta bi ruwa, tsakuwa ta kwanta a ƙasa, haka ake wankin zinare. Bambancin kawai, uwargida na saman take so, mahaƙi kuwa na ƙasan.

Ga yadda yake yi. Ya cika faranti mai faɗi, mai gangaren baki, da ƙasa da tsakuwa. Ya tsuguna a bakin rafi ya nitsar da shi. Ya sa yatsu ya murtsuke yumɓun, don yumɓu yakan riƙe zinare ya gudu da shi. Ya tsince manyan duwatsu ya zubar. Sai ya girgiza farantin hagu da dama, mai nauyi ya sauka. Ya ɗan karkata, ruwa ya share na sama. Ya sake girgizawa, ya sake karkatawa. Haka zai yi ta yi har abin da ya rage bai fi cikin cokali ba, baƙin yashi ne zalla. Daga nan ya zuba ɗan ruwa ya juya a hankali, yashin ya ja baya. Idan akwai rabo, sai wani siririn layi mai ruwan ƙwai ya bayyana a gefe. Idan babu, ya sake cikawa.

Mutanen Sonora akushin katako suke amfani da shi, 'yan asalin ƙasar kuma kwandon saƙa mai matsattsen ido. Inda babu ruwa, sai a shanya ƙasar ta bushe, a zuba a bargo, mutum biyu su riƙa cilla ta sama iska tana kwashe ƙurar.

Kada ƙyallin labarin ya ruɗe ku. Ruwan nan narkakkiyar ƙanƙara ce daga kan tsauni. Ƙafa na cikin sanyi, rana na dukan ƙeya, baya a sunkuye tun safe. Ƙaƙƙarfan mutum bai cika wuce faranti hamsin a yini ba. Abinci wake ne da naman gishiri da fulawa, babu ganye babu 'ya'yan itace, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Atini da kwalara da ciwon gaɓoɓi sun kwantar da mutane ba adadi.

Na huɗu: kayan aiki na girma, mutum na ƙanƙancewa.

Da zinaren sama ya fara ƙarewa, lissafi ya sauya. Dole a wanke ƙasa mai yawa don a sami abin da a da ake samu a faranti ɗaya. Sai aka shigo da akwatin jijjiga: akwatin katako a kan ƙafafu masu lanƙwasa, da rariyar ƙarfe a sama, da ƙyallen tamfol a ƙarƙashinta, da 'yan sanduna a gicciye a ƙasan akwatin. Wani na haƙa, wani na ɗauko ƙasa, wani na zuba ruwa yana jijjigawa. Laka ta wuce, zinare ya maƙale a bayan sandunan. Kun ga an tashi daga mutum ɗaya an koma uku ko huɗu.

Bayansa sai dogon kwami, mai tsawon ƙafa 10 zuwa 20, wanda ruwa ke bi ba yankewa, mutane na tsaye gefe da gefe suna watsa ƙasa da shebur. Daga shi sai jerin kwamaye da ake haɗawa baki da baki har tsawon ɗaruruwan ƙafa. Dabarar ba ta sauya ba ko kaɗan, ruwa ya tafi da mara nauyi, katangar sanda ta tare mai nauyi. Abin da ya sauya shi ne yawan ruwan da ake bukata. Kuma wa ke da ruwan? Nan da nan kamfanoni suka tashi, suka haƙa magudanai daga kan tsauni, suka riƙa sayar wa mahaƙa ruwa da awo. Mai ruwa ba ya asara. Ko ka samu ko ba ka samu ba, ka biya.

Wasu suka ce tunda zinaren yana ƙarƙashin kogi, a kawar da kogin mana. Su haɗu su da yawa, su shafe bazara suna gina madatsa da magudanar katako, su karkatar da ruwan gaba ɗaya, su faɗa wa ƙasan. Idan ruwan sama ya yi sammako, aikin wata da watanni ya tafi a dare ɗaya. Wasu kuma suka riƙa haƙa rijiyoyi har shimfiɗaɗɗen dutse, su yi rassa a ƙarƙashin ƙasa, sau da yawa ba tare da tokari ba. Ramin ya rufta da wanda ya rufta da shi.

Game da mallakar fili, kowane sansani ya kafa dokarsa: ga iyakar abin da mutum ɗaya zai riƙe, ya kafa turaku, ya bar kayan aikinsa a wurin, idan ya yi kwanaki bai taɓa ba wani ya shiga. Dokar ta yi aiki tsakanin farare. A 1850 aka ɗora wa baƙin mahaƙa harajin dala 20 a wata, wanda ya kori da yawa daga mutanen Meziko da Cile, wato malaman sana'ar. A 1852, shekarar da 'yan Sin kimanin 20,000 suka iso, aka sake kafa wani harajin. Su 'yan Sin sukan karɓi filin da aka ce ya ƙare, su sake wanke shi da haƙuri, su kuwa samu.

Na biyar: zaiba.

Akwai garin zinaren da ya yi laushi har ruwa na iya tafiya da shi. Maganinsa zaiba. Tana kama zinare ta dunƙule da shi, ta ƙyale yashi. Sai a zuba ta a bayan sandunan kwami, a kwashe dunƙulen, a matse a cikin fata ko ƙyalle, a ɗora a wuta. Zaibar ta tashi ta zama tururi, zinare ya rage. Masu hali suna da tukunyar ƙarfe mai bututu da ke mayar da tururin ya koma zaiba a sake amfani da ita. Marasa hali a kan shebur suke gasawa, hancinsu na kai. Sakamakon shi ne dalalar miyau, da kaɗawar haƙora, da makyarkyatar hannu.

Wani ikon Allah, Kalifoniya na da nata ma'adinin zaiba a Niyu Almaden, kusa da San Hose, wanda aka yi rajistarsa tun 1845. Saboda haka ta wadata, aka yi ta zubawa ba tausayi. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa wankin zinare kaɗai ya zubar da zaiba kimanin kilo miliyan huɗu da rabi a yankin. Har yau akwai koguna da tafkuna a can da hukuma ke gargaɗin a taƙaita cin kifinsu, musamman ga masu juna biyu da yara.

Na shida: da aka koma rushe tsauni da fasa dutse.

An gano cewa akwai tsofaffin hanyoyin koguna da suka ƙafe tun zamanin da, suna binne a jikin tuddai, cike da tsakuwa mai zinare. A 1853, kusa da garin Nebada Siti, Edward Matteson ya sa wa mesa matsattsen baki, ya jawo ruwa daga sama, ya auna gefen tudu. Tudun ya zube cikin kwami. Cikin 'yan shekaru mesar ta zama ƙatuwar bindigar ruwa ta ƙarfe, wadda mutum ɗaya zai juya ta ya yi aikin ɗaruruwa. Wanda ya je mahaƙar Malakof a yau zai ga ramin da aka bari, tsawonsa ya haura kilomita ɗaya.

To, ina ƙasar da aka wanke ta tafi? Ta bi kogunan Yuba da Feza da Sakaramento, ta cike su, ta binne gonaki, ta jawo wa garin Merisbil ambaliya a 1875. Manoma suka kai ƙara. A Janairun 1884 alƙali Lorenzo Sawyer ya hana zuba wannan laka a koguna, hukuncin da ya karya wannan salon haƙa, kuma ana lissafa shi cikin hukunce-hukuncen farko na kare muhalli a Amurka. Shekara talatin da ɗaya ana ɓarna kafin a taka birki.

Ɗaya hanyar ita ce bin zinaren har gidansa, cikin farin dutse. An fara a Giras Bali a 1850. Mutanen Meziko suna da tasu dabarar: da'irar da aka shimfiɗe da duwatsu, turke a tsakiya, alfadari na zagayawa yana jan manyan duwatsu suna niƙe ma'adinin. Daga baya injinan daka masu taɓaren ƙarfe suka karɓa, dare da rana. Mahaƙar Empaya da ke can ta yi aiki daga 1850 har 1956, ta fitar da oza miliyan 5.8. Wannan ba aikin mai faranti ba ne. Aikin masu hannun jari ne da injiniyoyi, mahaƙi kuwa ya zama lebura mai jiran albashi.

Na bakwai, a gurguje: wa ya ci?

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa abin da mahaƙi ke samu a yini ya faɗo daga kimanin dala 20 a 1848 zuwa kimanin dala 6 a 1852, alhali a 1852 ɗin ne aka fi fitar da zinare, na kusan dala miliyan 81. Zinare ya ƙaru, rabon kowa ya ragu, ga tsadar da ta kai ana sayen ƙwai ɗaya dala guda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: masu shago da masu sufuri da masu ruwa su suka tara. Sutter ya rasa ƙasarsa, ya mutu a 1880 yana bin majalisa ta biya shi diyya. Marshall ya mutu a 1885 cikin talauci. Waɗanda suka fi kowa asara kuwa 'yan asalin ƙasar ne. Daga kimanin 150,000 kafin rububin, sun koma kimanin 30,000 a farkon shekarun 1870, saboda kisa da cuta da yunwa da kora. A 2019 gwamnan Kalifoniya ya nemi gafara, ya kira abin da sunansa, kisan ƙare dangi.

Jama'a, na san tun ɗazu wasunku hankalinsu na gida. Wanda ya taɓa ganin wankin kuza a Jos ya ga kwamin nan da idonsa. Wanda ɗan uwansa ya tafi Jado a Nijar a 2014 ya san yadda gari ke tashi cikin mako guda, da yadda mai sayar da ruwa ke fin mai haƙa samu. A Zamfara kuma, a 2010, dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje don fitar da zinare ya zo da dalma a jikinsa, ƙurar ta shiga abinci da hannun yara, aka rasa yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Zaibar da na ba ku labari ma har yanzu ana gasa ta a fili a wuraren haƙarmu. Roƙona ga duk mai ɗan uwa a wannan sana'a: kada a kawo dutsen cikin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, kada a gasa zaiba inda yara da mata ke shaƙa.

Shugaban taro, na ga ana yi mini nuni da agogo.  Na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka taɓa riƙe faranti a bakin rafi, zan so a fara ba su dama. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, ya ɗaga hannu, bismillah.